Boyd Alexander, mai tara tsuntsaye, da kabarin ƙanensa a Maifoni

Malam Mai Tarihi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wani ɗalibina ya tambaye ni a makon jiya ko Turawan nan da suka riƙa ratsa ƙasarmu suna harbin tsuntsaye suna cusa su a akwati suna da iyali kuwa, ko dai mutane ne da ba su bar kowa a gida ba. Tambayar ta tsaya mini a rai, domin akwai mutum ɗaya da labarinsa ya amsa ta tun daga farko har ƙarshe, kuma ƙasusuwansa suna kwance a ƙasar Barno har yau.

Sunansa Boyd Alexander. An haife shi a 1873 a garin Cranbrook da ke Ingila, shi da ɗan tagwayensa Robert. Soja ne, amma tun yana yaro zuciyarsa tana wajen tsuntsaye. Ya je tsibiran Kef Bade a 1897, ya bi kogin Zambezi a 1898, yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1900, sannan a 1902 ya hau duwatsun tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, inda ya samo tsuntsaye da dama da masanan Turai ba su taɓa rubuta su ba. Babbar tafiyarsa ita ce wadda ta fara daga Lakwaja a 1904 da nufin ratsa Afirka daga kogin Kwara zuwa kogin Nilu. Turawa huɗu ne a gaban ayarin: shi kansa, da ƙanensa Claud wanda shi ma soja ne, da Kyaftin Gosling, da P. A. Talbot mai awon ƙasa. Sun zo da jiragen ruwa biyu na ƙarfe waɗanda ake kwancewa gunduwa-gunduwa a ɗauka a ka. Claud da Talbot suka ɗauki aikin awo daga Ibi, ta ƙasar Bauchi, suka nufi Kukawa. A watan Nuwamba na wannan shekara zazzaɓin taifod ya kashe Claud a Maifoni, wurin da yau birnin Maiduguri ya haɗiye.

Boyd ya binne ƙanensa ya ci gaba da tafiya. Bai ga gida ba sai 1907. Abin da nake so mu tattauna ke nan: mutumin da ya baro gida da ƙanensa, ƙanen ya mutu wata kaɗan da fara tafiya, shi kuma ya ƙara shekara biyu da ɗoriya a hanya yana bin tsuntsaye da koguna, me za mu ce game da riƙon zumuncinsa?

Inna daga Damagaram:
Wa alaikumus salam Malam. Ni a matsayina na uwa, abin da ya fara zuwa raina shi ne mutanen gidan da suka sallami 'ya'ya biyu a rana ɗaya. A wancan zamani takarda tana yin makonni kafin ta fita daga Barno ta kai bakin teku, balle ta isa Ingila. Ranar da labarin mutuwa ya riski gida, abin da dangi suka fi buƙata shi ne su ga fuskar wanda ya rage, ya zauna ya faɗa musu yadda ciwon ya fara, da abin da mamacin ya ce a ƙarshe, da wanda ya riƙe masa kai. Wannan ba abu ne da takarda za ta iya ɗauka ba. Mu nan ko a Makka mutum ya rasa ɗan'uwan tafiyarsa, yana dawowa gidan mamacin yake fara sauka kafin ya shiga nasa. Saboda haka ni dai ina ganin da ya juya. Tsuntsayen tafkin Cadi ba za su ƙare ba don an bar su shekara guda.

Ɗalibar Tsuntsaye:
Inna, Allah ya ƙara girma, maganarki tana da nauyi kuma ba zan musa ta ba. Ina so ne kawai in kawo wani gefe da mu masu karatun tsuntsaye muke cin karo da shi kullum ba tare da mun lura ba. A ƙa'idar wannan ilimi, wanda ya fara bayyana wani tsuntsu a rubuce shi ke da ikon raɗa masa suna na Latin, kuma sunan yana zama har abada. Idan aka duba sunayen da Boyd Alexander ya raɗa wa tsuntsayen Fernando Po a 1903, sai a ga kamar mutum yana lissafa mutanen gidansu. Akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsun kurmi mai baƙin kai da ya sa wa herberti, don ƙanensa Herbert mai zane. Akwai wani mai shan ruwan fure da ya sa wa ursulae, don wata yarinya daga danginsa mai suna Ursula. Mutum yana can kan dutse cikin hazo da ruwan sama, ya riƙe tsuntsun da babu wani masani da ya taɓa riƙewa, sunan da ya zo masa kuma na wata yarinya ce a gida. Ni ban ɗauki wannan a matsayin halin wanda ya manta da dangi ba.

Akwai kuma wanda ya fi kusa da mu. A kan duwatsun da ke kewaye da Jos, har da sauran wurare masu duwatsu a Arewa, akwai wani ɗan tsuntsu mai cin tsaba, kansa da zane-zanen fari da baƙi, maƙogwaronsa toka-toka, cikinsa ja-ja kamar ƙasar jan gargari. Da safe yakan hau kan falalen dutse ya yi 'yar gajeriyar waƙarsa ya maimaita. Sunansa a littafi goslingi, kuma Boyd ne ya raɗa masa a 1906, shekarar da Kyaftin Gosling ya mutu a Niangara ta ƙasar Kwango da zazzaɓin nan mai mai da fitsari baƙi. Na sha riƙe wannan tsuntsu a hannuna kafin in san cewa sunan mamaci yake ɗauke da shi.

Ɗan Yerwa:
Malam da sauran manya, ina neman afuwa, amma akwai abin da ya kamata a sa a gaba tun kafin a yi nisa. Shekarar 1904 shekara ɗaya ce tak bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. A Barno ma ba a daɗe da kashe Rabe ba, tunda a 1900 aka kashe shi a Kusuri, ƙasa tana cikin ruɗani, Ingila da Faransa da Jamus suna rabon gaɓar tafki. Ayarin da ya shigo a irin wannan lokaci da sojoji da bindigogi da na'urar awon ƙasa ba ayarin masu kallon tsuntsu ba ne kawai. Taswirar da Claud ya mutu yana zanawa taswira ce da mai mulki yake buƙata.

Sannan jiragen nan na ƙarfe da Malam ya ambata, an bi da su Binuwai da Gongola, daga nan aka kwance su aka ɗora wa mutane a ka har zuwa kogin Yobe. Su waye waɗannan mutane? Kakana na wajen uwa ya yi dako wa Turawa yana saurayi, ko da yake ba a wannan ayari ba. Mahaifiyata takan ba mu labarin cewa har ya tsufa akwai wani wuri a tsakar kansa da gashi bai sake fitowa ba saboda gammo, kuma ya taɓa yin wata tafiya da ya dawo ya tarar an yi sunan ɗansa har yaron ya fara rarrafe. A cikin abokan tafiyarsa akwai wanda aka binne a gefen hanya, aka ɗora ƙaya a kan kabarin saboda kuraye, aka wuce. Shi ma yana da uwa da ƙanne. Babu tsuntsun da aka raɗa wa sunansa. Idan za mu yi maganar zumunci a cikin tafiyar masu tara tsuntsaye, to ni zumuncin waɗannan mutane ne ya fi damuna.

Malam Mai Tarihi:
Ɗana, ka faɗi gaskiya, kuma ban kawo labarin don in wanke kowa ba. Ɗan dako a wancan zamani yakan ɗauki kayan da nauyinsu ya kai fam 60 ya yi yini yana tafiya, kuma babu yadda za a yi Turawa huɗu su motsa daga Lakwaja ba tare da ɗimbin irinsu ba. Mutum ɗaya ne daga cikin waɗanda ba Turawan Ingila ba sunansa ya fito sarari, wato José Lopes, ɗan tsibiran Kef Bade, wanda Boyd ya ɗauka tun yana yaro a tafiyarsa ta farko. Shi ne hannun damansa wajen harbi da fiɗa, ya bi shi kusan ko'ina har ranar ƙarshe, kuma akwai tsuntsaye biyu da suke ɗauke da sunan lopezi saboda shi. A dajin Kwango ma shi ne ya samo musu okapi, dabbar nan 'yar'uwar raƙumin dawa wadda a lokacin ba a daɗe da sanin ta a Turai ba. Amma samun sunan mutum ɗaya ba ya biyan bashin sauran, wannan na yarda da kai.

Baban Zango:
Ina gaishe ku daga Kumasi. Abin da ya ja hankalina shi ne ambaton 1900, domin rundunar da Boyd Alexander ya yi aiki a cikinta a nan ita ce wadda ake kira ta Hausawa, kuma da yawa daga cikin gidajen zangonmu asalinsu sojojin irin wannan runduna ne da fataken goro da suka zo ba su koma ba. Mu da muka tashi a zango mun san abin da nisa yake yi wa dangantaka. Kakanninmu sun bar Kano da Katsina da niyyar shekara ɗaya, suka yi arba'in. Ba su daina son 'yan'uwansu ba, suna aika goro da turmin atamfa duk lokacin da ayari zai tashi, suna raɗa wa 'ya'yansu sunayen waɗanda suka baro. Saboda haka da 'yata ta kawo maganar sunayen tsuntsaye, na gane abin nan take. Wanda ke nesa yana riƙe nasa ne da abin da ke hannunsa. Inna, ina ganin hukuncinki ya yi wa matafiyi tsauri kaɗan.

Inna daga Damagaram:
Alhaji, na ji, amma kakanninku neman abinci ya fitar da su. Wannan bawan Allah ɗan masu hali ne, ba yunwa ta kore shi ba. Kuma ina da wata tambaya ga 'yata mai karatu, domin abin yana ci mini rai. Mun taso muna jin hadisin da ya yi gargaɗi a kan kashe ko da ɗan tsuntsu ne a banza, ba don ci ba. Shin mene ne amfanin kashe tsuntsaye masu yawa haka a tara gawarwakinsu a akwati?

Ɗalibar Tsuntsaye:
Inna, tambayar tana kan hanya, kuma mu ma mukan yi ta a tsakaninmu. Bari in fara da yadda aikin yake, domin ba harbi ne kawai ba. Ana amfani da ƙaramar bindiga mai harsashi ƙanana kamar ƙwayar gero don kada gashin ya lalace. Da an ɗauko tsuntsu sai a toshe bakinsa da raunin da auduga saboda jini, a rubuta launin idonsa da na bakinsa da na ƙafafunsa nan take, domin waɗannan launuka suna gushewa cikin sa'o'i kaɗan. Da yamma a zango sai a tsaga cikin a hankali, a zare naman gaba ɗaya kamar ana cire riga, a bar ƙoƙon kai da ƙasusuwan fiffike da na ƙafa, a shafa wa fatar maganin guba mai hana ƙwari, a cusa auduga, a ɗinke, a ɗaura wa ƙafar 'yar takarda mai ɗauke da sunan wuri da kwanan wata da ko namiji ne ko mace. A ƙasa mai zafi dole a gama wannan a ranar, in ba haka ba gashin ya fara zuba. Bayan haka ga yaƙi da kiyashi da gara da laimar damina har kayan su kai bakin teku. Tsuntsun da bai kai babban yatsa biyu ba yana iya cin kusan sa'a guda a hannun wanda bai ƙware ba. Wannan shi ne aikin da José Lopes ya yi shekara da shekaru a hasken fitila.

Dalilin kuwa shi ne a lokacin ɗaukar hoton tsuntsu a kan reshe abu ne mai matuƙar wuya, babu kuma ɗan littafin hotuna da za a tafi da shi daji a duba. Hanya ɗaya ta tabbatar da cewa tsuntsun Bauchi daban yake da na Sanagal ita ce a ajiye su gefe da gefe a kan tebur a auna. Tsuntsayen da Boyd ya tara a Afirka sun koma gidan adana kayan halitta na Ingila, wanda yanzu yake ajiye tsuntsayensa a garin Tring, kuma har yau masu bincike suna buɗe waɗannan akwatuna, har ana yankar ɗan ƙaramin abu daga tafin ƙafa a binciki ƙwayoyin gado. Littafin da nake ɗauka zuwa daji an zana hotunansa ne daga irin waɗannan fatu. Yanzu mu raga muke kafawa mai laushi kamar gashi, mu kama, mu auna, mu sa zobe a ƙafa, mu sake shi ya tashi. Ban ce duk abin da aka kashe a da an kashe shi da hujja ba. Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne ɗalibin Nijeriya da yake son ganin tsuntsun da aka harba a bakin tafkin Cadi sai ya nemi biza.

Ɗan Yerwa:
Yaya, wannan jimlar taki ta ƙarshe ita ce maganata. Kuma tun da an ambaci tafki, ya kamata a san cewa Buduma suna zaune a tsibiransa suna ratsa shi da jiragensu na ciyawa tun kafin a haifi kakan Boyd. Watannin da ya yi yana fama da jirgin ƙarfe a cikin ciyayi da taɓo, har ya tabbatar wa Turai cewa tafkin ba shi da zurfi kuma ciyayi sun kusa raba shi biyu, abu ne da kowane yaron Buduma ya sani.

Malam Mai Tarihi:
Haka ne. To bari in ƙarasa labarin, domin ƙarshensa yana da alaƙa da abin da Inna ta fara faɗa. Talbot ya koma gida daga yankin tafki, Gosling ya mutu, Boyd kaɗai ne Baturen da ya isa Nilu. Ya rubuta labarin tafiyar a littafi mai juzu'i biyu a 1907, ƙungiyar masana ƙasa ta Landan ta ba shi lambar zinariya a 1908. Mutum zai zaci zai zauna. Ya ma yi alkawarin aure da wata mai suna Olive MacLeod. Amma kafin a ɗaura ya sake fita tare da José, suka bi tsibiran Sao Tome da Principe da Annobon, ya hau dutsen Kamaru a 1909, a daidai lokacin da dutsen ya yi aman wuta. Daga nan ya nufo arewa, hanyar ta sake kawo shi Maifoni inda ƙanensa yake kwance, sannan ya shiga ƙasar Wadai, a gabashin Cadi ta yau, a lokacin da Faransawa suke yaƙi da mutanenta bayan sun kama Abeche. Ranar 2 ga Afrilu 1910 aka kashe shi a wani wuri da ake kira Nyeri, yana da shekara 37. An ɗauko abin da aka samu na gawarsa aka kawo Maifoni aka binne shi kusa da Claud. Littafin da yake rubuta abubuwan yau da kullum ya tsira, kuma Herbert, wancan da aka raɗa wa tsuntsu sunansa, shi ya tattara shi ya buga a 1912.

Ita kuwa Olive MacLeod, a cikin 1910 ɗin ta taso daga Ingila tare da Talbot da matarsa, ta ratsa Nijeriya da Kamaru da yankin Cadi don ta tsaya a kan kabarin. Daga baya ta auri Charles Temple, wanda ya zama mataimakin gwamna mai kula da lardunan Arewa.

Ba Boyd kaɗai irin wannan ta faɗa wa ba. Alfred Wallace, wani Baturen Birtaniya masanin halittu wanda ya tara halittu fiye da 125,000 a tsibiran Malay tsakanin 1854 da 1862, shi ma a tafiyarsa ta farko a Amazon ƙanensa ya biyo shi, zazzaɓin shawara ya kashe yaron a garin Para na ƙasar Brazil a 1851, alhali Wallace yana can cikin daji bai ji ba sai bayan watanni. A shekarar da ta biyo jirgin da ya ɗauko shi zuwa gida ya kama wuta a teku, kusan duk abin da ya tara ya ƙone. Shi ma yana da yaronsa Ali, ɗan Sarawak da ke tsibirin Borneo, wanda ya harbo masa da yawa daga cikin tsuntsayen da suka ɗaukaka sunansa.

Inna daga Damagaram:
Allahu akbar. Ashe gidan 'ya'ya biyu suka rasa, ba ɗaya ba. Malam, wannan bai sauya ra'ayina ba, ya ma ƙara mini ƙarfi, domin wanda ya ga abin da tafiya ta farko ta ci bai kamata ya bar yarinya da alkawari ya sake shiga ƙasar da ake yaƙi ba. Sai dai na yarda da abu ɗaya, mutumin da ya koma ya tsaya a kan kabarin ƙanensa bayan shekara biyar bai manta da shi ba. Ita kuma yarinyar da ta yi wannan doguwar tafiya don ziyarar kabari, ita ce ta fi ba ni tausayi a cikinsu duka.

Baban Zango:
Hajiya, a nan mun haɗu. Ina so in san yadda José Lopes ya ƙare, domin shi ma ya bar tsibirinsu yana yaro.

Malam Mai Tarihi:
Alhaji, José ya tsira daga abin da ya faru a Nyeri, wannan tabbas ne, kuma yana raye lokacin da aka mayar da maigidansa Maifoni. Ɗana na Yerwa, tun da kai ne a kusa, ina roƙonka ka tambayi dattawan unguwa ko masu kula da tsohuwar maƙabartar Turawa, ko akwai wanda zai nuna maka inda 'yan'uwan biyu suke. Kuma idan mahaifiyarka tana da sauran labarin tafiye-tafiyen kakanka, da sunayen garuruwan da suka yada zango da sunan abokin nan nasa da aka binne a hanya, ka zauna da ita ka rubuta mana.

Ɗan Yerwa:
In sha Allahu Malam. Gobe Juma'a zan je gaishe ta bayan masallaci, zan tafi da littafi da biro. Sunan abokin ta taɓa faɗa mini sau ɗaya ina yaro, na san idan na tuna mata da maganar ƙayar da aka ɗora a kan kabarin za ta tuno shi.